Filaya da Na'urar Kankare Haƙora

Shekara goma sha ɗaya shagona na ɗinki yana jingine da na Filaya mai gyaran wuta, kuma ban taɓa jin ya ce bai iya wani abu ba. Fanka ta tsaya, ya iya. Agogo ya tsaya, ya iya. Ranar da matar mai aski ta fara naƙuda ma sai da ya tsaya a bakin ƙofa yana ba ungozoma shawara.

Haƙoransa ne suka jawo masa sunan. Ba ya neman abin feɗe waya, a baki yake sa ta ya ja, robar ta fita. Kwalbar lemo ba ta jiran mabuɗi in yana wurin. Yakan ƙwanƙwasa haƙoransa da gindin sukudireba ya ce mana, "Ku ji ƙara. Wannan ba haƙori ba ne, kayan aiki ne."

Abin da ba ya faɗa shi ne, tun bara in ya gatsa burodi sai ka ga ja-ja a jiki. In kuma zai ba ka labari, gara ka ɗan ja baya. Ni dai na samo dabara: da ya leƙo shagona sai in juya masa fanka, in ce zafi nake tausaya masa.

Matarsa ce ta fara gajiya. Wata safiya ta biyo shi har shago da rigar filo a hannu, ta shimfiɗa ta a kan teburina.

"Tela, don Allah dubi wannan. Kullum in wanke, kullum da safe jini. Mai gyaran wuta na aura ko mahauci?"

"Mataccen jini ne," in ji Filaya. "Jiki ne yake canza mai, kamar inji. Wanda bakinsa ba ya jini shi ne abin tausayi, nasa taruwa yake a ciki."

"To warin fa?"

"Wane wari?"

Ta dube ni. Na sunkuya ina neman allurar da ban yar ba.

"Na yi wa ƙanwata magana," ta ce, "tana jiranka ran Talata. In ba ka je ba, ka kwashi filonka ka koma falo. Ni da hancina mun gama haƙuri."

Ƙanwar tata likitar haƙori ce a wani ƙaramin asibiti bayan kasuwa. Tun tana 'yar makaranta suke wasan miji da ƙanwar mata da Filaya, don haka har yau bai yarda ta zama likita ba. A wurinsa yarinyar nan ce da yake gyara wa fitilar karatu. Ya ce in raka shi, in zama shaida in ya ƙure ta.

Ta kwantar da shi a doguwar kujera, ta ɗaura masa ƙyalle a wuya, ta jawo fitila kan fuskarsa. Da ya buɗe baki sai na ga ta gyara takunkumin hancinta.

"Yaya, yaushe rabonka da buroshi?"

"Kullum nake wanke baki."

"Da me?"

"Da yatsa. In abu ya maƙale, akwai guntun waya."

Ta sa ɗan madubi da wani siririn ƙarfe tana bin gindin haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Duk inda ta taɓa sai jini ya ɓullo.

"Ka ga wannan da ya daskare a gindin haƙoranka kamar siminti? Dattin abinci ne da ƙwayoyin cuta, ya kwana ya kwana har ya zama dutse. Shi yake cin dasashinka. Dasashin ya kumbura, ya fara ja da baya, ƙashin da ke riƙe da haƙoran ma ya soma zaizayewa. Waɗannan biyun na gaba a ƙasa har motsi suke."

"Ai kowane inji ana bar masa ɗan sassauci," in ji shi. "Ke ba ki san aikin ƙarfe ba."

"Sigarin da kake zuƙa yana ƙara ɓata abin. Kuma ina so a auna maka suga, don ciwon suga da ciwon dasashi tare suke tafiya, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Yanzu zan kankare dutsen nan. Daga yau sai buroshi mai laushi safe da dare, da zaren sakace. Kuma ka sayi filaya ta gaskiya, ka bar bakinka ya huta."

Ta ɗauko wani abu kamar biro mai igiya ta taka da ƙafa. Ya fara wani siririn kuka, ruwa yana fita ta bakinsa kamar hayaƙi. Daga inda nake zaune na ga yatsun ƙafar Filaya sun dunƙule a cikin silifas.

"Tsaya," ya ce.

"Ban taɓa ka ba tukuna."

"Na sani. Aikin nake so in duba." Ya tashi zaune, ya karɓi abin, ya jujjuya shi, ya bi igiyar da ido har bango. Sai ya yi wata 'yar dariya. "Wannan ne abin da kuka yi shekara shida kuna karantawa? Ɗan inji ne fa da tiyon ruwa. Kwana bakwai ya yi min yawa in haɗa wanda ya fi shi."

"Yaya, kwanta."

"Sai na dawo."

Ban cim masa ba sai a bakin titi, ƙyallen asibitin yana nan a wuyansa.

"Ka ga yadda na ƙure ta?"

"Na ga yadda ka riga ni fita."

Kafin la'asar duk layinmu ya ji labari. Filaya zai ƙera na'urar kankare haƙora, zai fara da kansa, sannan ya wanke bakin kowa a layin kyauta, daga mai shayi har Baba mai gadi. Ya ce in an kwana biyu likitocin da kansu za su zo ɗaukar darasi, kuma ƙanwar matarsa ce za ta riƙe masa fitila. A ranar filonsa ya koma falo. Ya ce daman falon ya fi iska.

Da kilifar mai aski ya fara. Ya are ta da sunan zai duba mata waya, ya ɗaure kan buroshi a bakinta da salatif, ya tsaya gaban madubin shagonsa ya kunna. Abu ɗaya ya manta, bai cire rezar ba. Ina cikin yanka yadi ya shigo ya tsaya a gefe, hannu a kan leɓe.

"Tela, wai yanzu samari wane irin gashin baki suke yayi?"

"Sauke hannun in gani."

Rabin gashin bakin da ya yi shekara ashirin yana tattali ya tafi, daga tsakiyar hanci zuwa dama, fes kamar an share. Mai aski ya zo karɓar kilifarsa, ya tsaya yana kallon aikin.

"Hannunka da kyau," ya ce. "Amma mu in mun fara muna ƙarasawa. Zo ka zauna."

Da aka aske ɗaya rabin sai leɓensa na sama ya fito fari tas, kamar wurin da aka cire hoto a bango. Jikarsa ta gan shi da yamma ta fashe da kuka.

Gwaji na biyu a kaina ya faɗa. Injin kekena na ɗinki yana wurinsa tun makon jiya don ya canza masa gawayi, ɗan baƙin abin nan da ke cikin inji. Ashe ya haɗa shi da wata doguwar waya da buroshi a ƙarshenta, yana takawa da ƙafa. Ya kawo shi shagona don in ga abin mamaki. Ya matsa man goge baki kusan rabin kwali a kan buroshin, ya taka. Matakin ya maƙale. Kafin in kai ga soket, man ya zana layi tun daga silin har bango, ya bi ta kan farar rigar wata malamar makaranta da na gama gogewa na rataye, ya ƙare a gilashin idona.

"Gudu ya yi yawa," in ji shi, yana rubutawa a bayan kwalin sigari. "An samu ci gaba."

"Rigar mutane fa?"

"Ai har ƙamshi ka samu kyauta."

Malamar ta zo da azahar. Na ce mata sabon sitati ne. Ta shinshina ta ce ita ba ta taɓa jin sitati mai na'ana'a ba, ta tafi da sauran yadinta wurin wani telan.

Duk wannan bidiri bakin nasa ƙara lalacewa yake. Kuncinsa na hagu ya tasa kamar ya ɓoye ƙwai a ciki. Ya daina cin nama, ya koma jiƙa burodi a shayi, yana cewa hanjinsa yake ba hutu. Ranar Alhamis na ga ya sa waya a baki zai feɗe, ya tsaya, ya cire ta a hankali ya ɗauki reza. Da ya ga ina kallonsa sai ya ce wayoyin yanzu ba su da daɗi.

"Filaya," na ce, "mu koma wurin yarinyar nan. Ba wanda zai sani."

"In koma ta yi min dariya har jikokinta su ji? Ta ce dattin ya zama dutse. Ni kuma ina ta wasa da buroshi mai laushi. Ƙarfi abin yake so."

Ranar Juma'a matarsa ta zagaye maƙwabta tana tambayar wanda ya ari injin markaɗenta. Mu da muka ji wani gurnani yana fitowa daga shagonsa duk muka ce ba mu sani ba. Ya cire ƙoƙon injin, ya ɗaura masa sandar ƙarfe, a kan sandar ya kafa buroshin wanke tayil da ya yanke ya yi da'ira. Ya karɓo famfon da ke fesa ruwa a gilashin mota daga wurin Direba, wanda ke ajiye motar hayarsa a bakin layi, ya jona shi da jarka. Direba ya yi alkawarin shi zai fara zama, don ya ga sunansa a tarihi.

Asabar da hantsi aka fito da kujerar mai aski bakin titi. Filaya ya saka farar rigar da ya matsa min na ɗinka masa da tsohon zanen gado, ya kafa kwali ya rubuta: A ZO DA BAKI, A KOMA DA MURMUSHI. Masu shaguna suka fito, masu wucewa suka tsaya, mata suka leƙo ta tagogin bene. Ya yi jawabi mai tsawo, kuma na lura sahun gaba yana ta ja da baya ba tare da an ce su matsa ba.

"Kafin a sa mutum," in ji mai shayi, "a gwada a kan wani abu mana."

Aka miƙo lemon zaƙi. Filaya ya riƙe shi ya kunna. Na'urar ta yi gurnani, ɓawon ya watse, lemon ya kuɓuce ya bugi butar mai shayi ta kife.

"Kun ga yadda ta cire datti," in ji Filaya. "Direba, bismilla."

Direba ya dubi agogon da babu a hannunsa. "Wallahi yanzu na tuna akwai fasinjan da zan kai asibiti."

"Motarka ba taya ɗaya tun jiya," in ji Filaya.

"Goya shi zan yi."

Filaya ya dubi mai aski, mai aski ya ce shi azumin magana ma yake, ba ya buɗe baki. Ya dube ni, na ce ni shaida ne, shaida ba ya zama a kujera. Ana haka sai Baba mai gadi ya ratso taron da sandarsa. Tsoho ne mai son a zauna lafiya, ba ya son ya ga an kunyata mutum.

"Ɗana, kada ranka ya ɓaci. Ga nawa, wanke min."

Ya sa hannu a baki ya zaro haƙoran robarsa gaba ɗaya, sama da ƙasa, ya miƙa. "Ni ina nan gefe ina jira."

Filaya ya karɓa da yatsa biyu, ya ɗaga su sama kowa ya gani, ya kanga musu buroshin. Na ƙasan ya tsaya a hannunsa. Na saman ya tashi, ya yi juyi biyu a iska, muka bi shi da ido har ya sauka a kan kwanon shagona da ƙara. Baba mai gadi ya yi ta magana, da alama ba addu'a ba ce, amma ba wanda ya gane ko kalma ɗaya. Mai aski ya tafi neman tsani.

Daga nan taron ya juya. "Mai abu ya gwada abinsa," in ji wata mata daga bene. Sauran suka ɗauka. Daidai lokacin matarsa ta iso, ƙanwarta tana biye da ita da jakar aiki a kafaɗa. Matar ta kalli na'urar, ta gane gindinta.

"Injin markaɗena ne wannan?"

"Ya samu ƙarin girma," in ji shi.

Likitar ba ta yi dariya ba. Ta matso kusa da shi ta rage murya, amma ina jin ta.

"Yaya, yau ba wasa nake ba. Dutsen nan a ƙarƙashin dasashi yake, buroshi ba ya cire shi ko da na wanke jirgi ne. Naman bakinka kawai za ka yaga. Haƙoran nan biyu da ƙyar suke tsaye. Ajiye, mu tafi yanzu, ni zan ce ka fasa ne don wuta ba ta da ƙarfi."

Ya dubi buroshin, ya dubi hanyar da ta buɗe masa. Da su biyu ne kawai, na tabbata da ya bi ta. Sai mai shayi, da haushin butarsa bai huce ba, ya ce, "Ashe ƙanwar mata ce ke riƙe da gidan."

Filaya ya zauna a kujera.

"A lamba ɗaya zan sa," ya ce wa jama'a, "don masu raunin zuciya."

Injin markaɗen lamba uku gare shi. Abin da ya faru, kamar yadda ya bayyana min daga baya, wajen mayar da wayoyin ne ya juya su, ɗaya ta koma uku. Ya buɗe baki, ya kai buroshin, ya danna. Ƙarar ta canza nan take, kamar an zuba tsakuwa a injin niƙa. Famfon Direba, da tun safe yake ɗigo, ya zaɓi wannan lokacin ya farka, ya harba masa ruwa cikin hanci. Ya zabura, kujerar aski ta juya da shi sau ɗaya da rabi, wayar ta naɗe masa ƙafa, ya fizge ta. Soket ya yi tartsatsi, wutar layin gaba ɗaya ta ɗauke. Rediyon mai shayi ya yi shiru, fankoki suka tsaya.

Filaya ya miƙe a hankali, farar rigar ta koma ja daga wuya zuwa ƙirji. Ya tofa wani abu a tafin hannunsa ya duba. Mu ma muka matso muka duba. Haƙora biyu ne, dogaye, gindinsu baƙi ƙirin da dutsen da aka yi ta magana.

Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Da ya yi magana, iska ce ta fara fita ta giɓin da ɗan fito.

"Kun gani," ya ce. "Har cirewa take yi."

Mai aski, da ke saman tsani da haƙoran Baba a hannu, dariya ta kusa kayar da shi. Likitar ta tura wa Filaya auduga a baki ta ce, "Cije." Wannan ne karo na farko da na ga ya bi umarninta. Ya nuna mata haƙoran a tafinsa, ya nuna giɓin, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Ba inda za su koma, Yaya," ta ce. "Ƙashin da zai riƙe su ya riga ya tafi, kuma ba ya dawowa. Amma sauran ana iya ceto su in ka bar ni na yi aikina."

Matarsa ta kwance sandar daga injinta, ta goge shi da gefen mayafi, ta rungume shi. Sannan ta kama hannun mijinta da ɗaya hannun. "Taho," ta ce, "kafin ka ƙera wa kanka sabon kai."

Sau uku ya je asibitin. Aka kankare, aka wanke, aka ba shi magani. Da aka auna suga aka tarar ya ɗan hau, aka haɗa shi da wani likitan. Sigari ya koma rabin abin da yake sha, yana cewa saura ƙiris. Kumburin ya sace, na daina juya masa fanka, filonsa ya koma ɗaki. Wutar layi kuwa sai da muka kira wani mai gyaran daga unguwar gaba.

Ranar da ya gama zuwa na uku ya shigo shagona da buroshi a aljihun gaba kamar biro.

"Ka san me ta ce? A duk shekarunta na aiki ba ta taɓa ganin baki irin nawa ba."

"Wannan kam na yarda."

"Har ɗalibai ta kira suka zo kallo. Ranar farko suka ɗauki hoto, suka roƙe ni in sa hannu za su kafa a bango. Na ce a kafa, ilimi ba a rowarsa."

Abin da muka gani a tafin hannunsa ranar Asabar ya tsorata mu fiye da yadda muka nuna. A cikin wata guda rabin layin ya je an duba shi, har da Direba. Ni ma da nake ganin ɗan ja-ja in na wanke baki, na saci jiki na je. Likitar ta ce nawa farkon abin ne, wankewa ɗaya da zaren sakace sun isa.

Ina zaune a ɗakin jira na ga hotunan, manya guda biyu a jere, baki kawai ba fuska. A ƙarƙashin na dama an rubuta: LAFIYAYYEN DASASHI. A ƙarƙashin na hagu, mai giɓi biyu a ƙasa da farin leɓe a sama, an rubuta: ƘARSHEN SAKACI.

Da na dawo yana bakin shago yana jirana.

"Ka gan ni?"

"Na gan ka. Kai ne na hagu."

Ya gyara zaman buroshin a aljihunsa, ya juya wurin mai aski.

"Ka ji ko? Ni suka fara sawa."